Opera ko jagora da 'yan amshi: wace hanya za ta karɓi wasan Hausa?

Malama, kin ce ƙungiyarku a Jidda tana da wasan kwaikwayo na Hausa mai shafi arba'in, kuma tunda kuka ji labarin Zarƙa'ul Yamama, wata opera ta Saudiyya, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa, kuke son a rera naku daga farko har ƙarshe. Shin ku nemi mai tsara kiɗa ya rubuta muku irin na opera, ko ku bi hanyar gida ta jagora da 'yan amshi? Ga yadda hanyoyin biyu suke idan an jera su.

A opera takarda ce gaba. Zarƙa'ul Yamama, wadda aka fara nunawa a Cibiyar Al'adu ta Sarki Fahad da ke Riyad a watan Afrilun 2024, haka aka gina ta. Saleh Zamanan, marubucin waƙa ɗan Saudiyya, ya rubuta matanin da Larabci kan matar nan ta ƙabilar Jadis mai hangen tafiyar kwana uku, wadda ta ce ta ga bishiyoyi suna tafiya aka ƙaryata ta. Lee Bradshaw ɗan Ostireliya ya ɗora masa kiɗa, makaɗa suka zo daga Dresden ta Jamus, Sarah Connolly 'yar Ingila ta fito a matsayin Zarƙa. Wanda ya yi kalmomi daban, wanda ya yi rauji daban, mai rerawa daban, kuma abin da ya haɗa su duka shi ne rubutaccen kiɗa. Ana fara rubuta na murya da fiyano don mawaƙa su hardace, daga baya a fitar wa kowane makaɗi tasa takardar. Aikin yakan ci shekara biyu ko fiye, kuma gyaran baiti ɗaya a ƙarshe na nufin sake takardun mutum sittin.

A hanyar gida kuwa mutum ɗaya ne ke ɗauke da ayyukan ukun. Jagora ya kafa gindin waƙa, 'yan amshi su riƙe masa, shi kuma ya riƙa ɗora 'ya'yan waƙa yana ƙari yana ragi gwargwadon yadda ya ga fuskar jama'a. Ko a situdiyo tsarin bai canja sosai ba: a buga kiɗa a fiyano, mawaƙi ya hau. Gyara ba ya cin komai, an sake ɗauka shi ke nan.

Amma ba kuɗi ko lokaci ne babban abin dubawa ba. Harshen ne. Larabci yana da dogon wasali da gajere, ba shi da karin sauti, don haka mai tsara kiɗa yana iya hawa da sauka yadda ya so muddin ya kiyaye tsawon gaɓa. Hausa tana da duka biyun. Ki furta kuka na hawaye, gaɓoɓin biyu duk a sama suke. Ki furta kuka ta miya, ta farko a sama, ta biyu ta faɗo. Yanzu ki ɗauka jarumarku za ta rera "na ji kuka a bayan gida", mai tsara kiɗan kuma ya sauko da murya a ƙarshen kalmar saboda haka ya fi masa daɗi. Kunnen Bahaushe ya riga ya ji bishiya. Haka fara take da fuska uku: ta launi, ta ƙwaro, da ta soma aiki. A waƙar da kowa ya sani, mahalli yakan rufa asiri. A sabon wasa da mai sauraro ke bin labari karo na farko, babu mai rufa shi.

Jagoran gida ba ya buƙatar a gaya masa wannan, raujinsa daga bakin magana yake fitowa. Shi ya sa ma kalangu ke iya kiran suna: makaɗi yana matse tsarkiya a hammata yana saki, sautin yana bin hawa da saukar kalma. Mai tsara kiɗan da ba ya jin Hausa sai an yi masa aikin a takarda. Ku naɗi muryar mai karanta matanin a hankali, ku sa alama kan kowace gaɓa, sama ko ƙasa ko faɗuwa, ku ba shi doka guda: inda magana ta hau kada rauji ya sauka, inda ta sauka kada ya hau. Tsayawa a wuri ɗaya ba laifi.

Sai jan wasali, wanda shi ne adon opera. Mawaƙiya takan riƙe wasali guda ta yi ta lanƙwasa shi. Idan aka ja gaɓar farko ta gari da ake zama a ciki, ya koma garin tuwo. Sa'ar da aka yi ita ce yawancin sunayen abubuwa a Hausa da dogon wasali suke ƙarewa, don haka ƙarshen kalma shi ne wurin ja. Sai dai da zarar an liƙa -n ko -r wasalin ya gajarce. Gida yana jawuwa, gidan ba ya jawuwa. A tsara baiti ya ƙare da buɗaɗɗiyar gaɓa tun a rubutu. Ƙ da ts kuma suna datse iska a maƙogwaro, kada a ɗora su kan sautin da ya fi kowane tsawo.

Wajen murya, mawaƙin opera yana rerawa ba makirufo, muryarsa ta ratsa ayarin makaɗa ta kai kujerar baya. Horo ne na shekaru, kuma yana da farashi: in muryar mace ta hau can ƙololuwa, wasula duk sukan karkata zuwa "a", kalmomi su narke. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake haska matanin a allo saman dandali. Mu kuwa kalma muke zuwa ji. Ku yi amfani da makirufo, ku bar muryoyi a tsakiya inda lafazi ke fita tsaf.

Inda hanyar gida ke gazawa shi ne hira. Amshi an yi shi ne don jaddada magana ɗaya, ba don mutum uku su yi gardama kowa da abin da ke ransa ba. A nan opera ta yi nisa: tana da rerawa mai kama da magana don tura labari gaba, sannan a tsaya a ba mutum ɗaya fili ya amayar da abin da ke zuciyarsa, kuma tana iya haɗa murya uku ko huɗu lokaci guda ba su ci karo ba. Wannan ba ya yiwuwa da ka, sai an rubuta.

Shawarata, ku fara da rage matanin. Abin da aka faɗa a minti ɗaya yakan ci biyu ko uku in an rera, don haka shafi arba'in ya dawo sha biyar, kowane ɗango kada ya wuce numfashi guda. Ku ba mawaƙi Bahaushe ya fitar da raujin manyan waƙoƙin da baka, jama'ar gari a wasan su zama 'yan amshi, wato masu ƙaryata jaruma ko mara mata baya. Bayan an naɗa, sannan a kawo mai rubuta kiɗa ya kwafe abin da aka rera, ya gina wuraren hira da na haɗa muryoyi a kansa. Idan za ku sa udi, wato garayar Larabawa, ya bi wani maƙami (tsarin sautukan kiɗan Larabawa) irin Bayati, ku sani fiyano na gama-gari ba shi da sautin da ke tsakanin maɓallansa, sai ku nemi wanda ake iya saita masa rubu'in sauti, irin da masu kiɗan biki ke amfani da shi a nan Jidda.