Kafin ka sayi dashe don gyaran ƙasar gona

Tunda taki ya yi tsada, duk tsiro mai kwanso ya zama "mai ƙara wa ƙasa ƙarfi" a bakin masu sayar da dashe. Alhali aikin na ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin ƙululun saiwa suna kama naitirojin na iska, sinadarin da tsiro ke samu daga taki, kuma kowane tsiro da irin ƙwayoyin da yake shiri da su.

Ni dai waken Masar nake zaɓa. Ƙwayoyinsa, Bradyrhizobium, dangin na wakenmu ne, kuma ƙasar da ta saba da wake da gyaɗa ba ta cika rasa su ba, don haka ba sai ka sayi garin ƙwayoyin ka haɗa da iri ba. Saiwarsa na nitsewa ƙasa sosai, yana jure fari, ganyen da ya kakkaɓe ya zama taki. Awaki su samu abin ci, gida a dafa waken, karan kuma ya shiga murhu. Leucaena, wata baƙuwar bishiya mai kwanso, tsirfa gare ta, sai nata ƙwayoyin, in kuma ta kama sai ta cinye gona. Zamarke sai fadama.

Ha'incin a wajen saye yake. An taɓa sayar mini da dashen kasiya da rantsuwar cewa zai gyara ƙasa, alhali kasiya ba ta yin ƙululun nan sam, haka tafasa da kalgo, duk da kwansonsu. Don haka ka sa mai dashe ya fasa leda ɗaya a gabanka. Ka ciro ƙululu ka matse da farce: in cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin na aiki, in fari ne ko kore, ba sa aiki. In kuma ka murza ya ƙi ɓallewa, saiwar ce da kanta ta kumbura, wannan ɓarnar tsutsar ƙasa ce, kada ka kai ta gonarka ko kyauta aka ba ka.

Garin ƙwayoyin da ake sayarwa a ƙunshi ma haka. Abu ne mai rai, wanda ya wuni a rana kan tebur ya mutu. Wanda aka yi don waken suya kuwa ba zai yi wa Leucaena komai ba, ko me mai shago ya ce. Duba sunan amfanin da aka rubuta a jiki da ranar ƙarewar wa'adi kafin ka miƙa kuɗi.