Babbar laftof ta kunyata ni, ɗan akwatin da na raina shi ya fitar da ni

Wata huɗu ke nan da na haɗa ɗan situdiyona a ɗaki, kuma sai yanzu zuciyata ta huce har zan iya rubuta wannan ban zagi kowa ba. Abu biyu na saya rana ɗaya: laftof irin ta masu buga gem, mai fitilu kala-kala a madannanta, RAM 16 da SSD, sai ɗan akwatin shigar da sauti, wato intafes, mai ramin makirfo biyu. Laftof ɗin ce ta lashe kusan duk kuɗin. Akwatin kuwa da ragowar canji na ɗauke shi, har kunyar nuna shi nake ji.

Ranar farko ƙanena, wanda shi ne mawaƙin gidan, ya sa hedifon ya ja baiti ɗaya, sai ya cire ya ce, "Yaya, wani ne yake bina a baya yana kwaikwayona." Wannan kam laifina ne. Ban saka direban ASIO na akwatin ba, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta ba tare da jinkiri mai yawa ba, kuma bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su, tana kan 1024. A kan 48 kHz, wato gutsattsari 48,000 a kowane sakan, wannan kaɗai jinkirin milisakan 21 ne wajen shiga, a ƙara wani wajen fita, to ina mawaƙi zai iya riƙe kiɗa? Da na saka direban na sauke ta zuwa 128, lissafin ya dawo ƙasa da milisakan 3. Daga baya ma na lura akwai wani ɗan maɓalli a gaban akwatin da ke miƙa murya kai tsaye zuwa kunne, ba sai ta zaga ta cikin kwamfuta ba. Ina danna shi yaron ya yi murmushi. Muryar ta fito tas, wutar 48V da akwatin ke bayarwa ta tashi makirfona na kondensa, irin mai buƙatar wuta kafin ya yi aiki, ba gardama. A ranar har cewa na yi na iya sayayya.

Sai daren da ya ɓata komai. Mun zauna muna ɗaukar wata waƙa da ya daɗe yana dafawa, can tsakar dare muryarsa ta buɗe, ya yi wani ɗauka guda da ban taɓa jin ya yi irinsa ba, tun daga farko har ƙarshe bai tsaya ba. Kiɗa na dukan kunnena a hedifon, ban ji wata matsala ba. Da safe na ware layin muryar shi kaɗai don in gyara, sai ga wani siririn zzzz kamar sauro ya shiga kunne. A ƙarƙashinsa kuma huuuu na fankar laftof, sannan nan da can a ji ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen ganye. Na kunna ya fi sau goma ina fatan kunnena ne.

Wa zan tuhuma in ba mai araha ba? Na mayar da akwatin cikin kwalinsa da niyyar mayarwa. Kafin nan na sauya wayar XLR, wato wayar makirfo, na aro wani makirfo, na sauya ramin USB, duk a banza. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, in na motsa linzamin kwamfuta sai kukan sauron ya sauya murya. Kwana uku ina wannan haukan. Rana ta huɗu ƙafata ta fizge wayar caja ba da gangan ba, sai kukan ya ɗauke ɗif. Ashe dattin wutar caja ne da na cikin laftof ɗin ke bin wayar USB yana shiga akwatin.

Na ce to, sai mu riƙa aiki da batir. Ai kuwa da an cire caja sai ta rage ƙarfinta don ta adana wuta, ƙas-ƙas ɗin nan ya ninka, batirin kuma ko awa biyu ba ya kaiwa. In na sa caja sauro, in na cire ganye. Na sauke LatencyMon, manhajar da ke nuna direban da ke riƙe kwamfuta har sauti ya tsinke, ta nuna mini na Wi-Fi. Yanzu kafin kowane ɗauka sai na kashe intanet, in rufe duk wani abin da ke gudana a baya, in yi addu'a. Na rubuta wa masu laftof ɗin doguwar wasiƙa, amsar da na samu ita ce in goge komai in sake saka shi. Ban sake tanka musu ba.

Fankar ita ce ba ta da magani. Da na ɗora fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, uku ko huɗu sai ta tashi kamar jirgi zai bar ƙasa, makirfon kondensa kuma ko numfashi ba ya bari ya wuce, balle wannan. Na so in fitar da ita waje da doguwar wayar USB, sai na tarar USB 2.0 ba ta son wuce mita 5. Dole na juya abin: ni da laftof da akwatin a wannan ɗaki, mawaƙi a wancan da doguwar XLR, don ita tana jure tsawo ba ta kwaso ƙara. Muna magana ta ƙarƙashin ƙofa kamar fursunoni.

Abin da ya wanke akwatin gaba ɗaya shi ne ranar da wani abokina ya zo da MacBook Air ɗinsa mai M1, irin ta 2020 wadda babu fanka a cikinta sam. Muka jona, ko direba bai nema ba, Core Audio, manhajar sauti ta Mac, ta gane shi nan take. Makirfo ɗaya, waya ɗaya, caja a jone, amma shiru kake ji. RAM ɗinsa rabin nawa ne fa. Na zauna ina kallon fitilun madannaina suna ta rawa.

Kada dai a ce na mayar da akwatin waliyyi, don yanzu da na tuna shi ma yana da nasa. In ka jona makirfon dainamik, irin wanda ba ya buƙatar wutar 48V, sai ka murɗa maɓallin ƙarfi kusan zuwa ƙarshe kafin ya farka, daga nan kuma motsi kaɗan sai fitila ta yi ja. Maɓallin 48V guda ɗaya ne ga ramukan biyu, ba ka da ikon ba wa ɗaya ka hana ɗaya. Hedifona mai ohm 250, irin mai buƙatar ƙarfi sosai, ma da ƙyar yake tura shi, in kiɗa ya yi yawa ƙanena sai ya ce, "Yaya, ƙara mini," alhali na kai maƙura. Da farko taurari biyar na yi niyyar ba shi, amma huɗu sun ishe shi. Laftof ɗin kuwa biyu, su ma don ba ta taɓa gazawa wajen haɗa kiɗa ba in babu makirfo a kusa.

Waccan muryar ta tsakar dare na bi ta da duk manhajar cire ƙara da na sani. In sauron ya tafi sai muryar ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa. Mun sake ɗaukar waƙar sau tara, ko ɗaya bai kama ƙafar na farko ba. Laftof ɗin yanzu tana hannun ƙanena yana buga gem ɗin ƙwallo da ita, ya ce wallahi bai taɓa ganin mai kyanta ba.