Yadda na raba aikina tsakanin tsare-tsaren biyan kuɗin hayar sabar

Na daɗe ina gudanar da shafin intanet tare da aikin sarrafa bidiyo a kan AWS, sashen kamfanin Amazon da ke ba da hayar sabar (na'urorin kwamfuta da ake aiki da su ta intanet), kuma abin da na fahimta shi ne, bai kamata a ɗora wa tsarin biya guda ɗaya dukkan aiki ba.

Da tsarin biya gwargwadon amfani na fara, wanda tun shekarar 2017 ake lissafinsa da daƙiƙa ga na'urori masu aiki da manhajar Linux. Shi ne mafi tsada, amma shi ya nuna mini ainihin buƙatata, domin da na duba jadawalin watannin da suka wuce, sai na ga akwai matakin da nauyin shafin ba ya taɓa sauka ƙasa da shi, ko da tsakar dare ne. Wannan matakin kaɗai na ɗaure da Savings Plans, tsarin da aka fito da shi a 2019, inda mutum ke alkawarin kashe wani adadi kowace awa har tsawon shekara ɗaya ko uku. Rangwamen da ake tallatawa yana kaiwa kashi 72 cikin ɗari, sai dai wannan rabon wanda ya ɗaure kansa shekara uku ne, ya kuma biya gaba ɗaya tun farko. Ni shekara ɗaya na zaɓa, saboda awar da ba a yi amfani da ita ba ma sai an biya kuɗinta.

Tsarin da ya fi kwanta mini a rai shi ne Spot, wato rarar na'urorin da kamfanin ke bayarwa da rangwamen da kan kai kashi 90 cikin ɗari, bisa sharaɗin zai iya karɓe abinsa bayan gargaɗin minti biyu. A Google Cloud da Azure, masu gogayya da AWS a wannan harka, gargaɗin daƙiƙa 30 ne kawai. Na yayyanka aikin bidiyon ƙanana-ƙanana, kowane yanki yana adana inda ya tsaya, ta yadda idan aka karɓe na'ura sai wata ta ɗora daga nan. Rumbun bayanai kuwa ban taɓa yarda in kai shi kan Spot ba.

Mai shirin yin alkawari ya tuna cewa rangwamen bai shafi kuɗin ma'ajiya da na fitar da bayanai zuwa intanet ba, kuma ko an kashe na'ura, faifan da ke haɗe da ita yana ci gaba da cin kuɗi har sai an goge shi.