Mitar TDS da kwalaben H2S, abin da na gani da na yi aiki da su tare da ɗalibaina

Malamai da yawa sun tambaye ni kayan da muka yi amfani da su a aikin ruwa na 'yan SS1 ɗina a nan Kano, wanda muka gabatar ranar 22 ga Maris, Ranar Ruwa ta Duniya, to bari in yi bayani gaba ɗaya.

Abu biyu na saya. Na farko mitar TDS, wato na'urar auna yawan abubuwan da suka narke a ruwa, 'yar ƙarama ce kamar biro mai kauri, batirin agogo take ci, ka cire murfi ka tsoma bakinta a kofin ruwa sai lamba ta fito. Wajen sauƙi kam ba ta da matsala, a minti biyar yara suka iya, kuma wallahi ban taɓa ganin ajin nan ya natsu kamar ranar ba, kowa ya zo da ruwan gidansu a gora, na rijiya, na bohol, na 'yan garuwa, na leda, har da mai ruwan randar kakarsa.

Amma mai shagon da ya sayar min ce min ya yi tana nuna ko ruwa mai tsafta ne, kuma wannan ba gaskiya ba ne, shi ne babban ƙorafina. Abin da take aunawa shi ne gishiri da sauran ma'adanai da suka narke a ruwa, ta hanyar yadda lantarki ke ratsa shi. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyaka miligiram 500 a kowace lita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce in ya haura 1000 ɗanɗano ya fara ɓaci. Ƙwayar cuta kuwa sam ba ta ganinta. Wata ɗalibata ce ta fara lura, ta ce Malam ya aka yi ruwan da na tafasa lambarsa ta fi ta ɗanye? Nan muka tsaya muka yi darasi guda a kai, tururi ya tafi ya bar gishirin, lamba ta ɗan hau alhali ruwan ya fi aminci. Na ji daɗin tambayar nan har raina.

Na biyun su ne kwalaben H2S, wato kwalaben gwaji masu sinadari a ciki da ke gano iskar H2S da wasu ƙwayoyin cuta ke fitarwa, kuma su suka yi mana aikin. Ka cika kwalba ka rufe ka ajiye a ɗaki kwana ɗaya zuwa biyu, in ruwan ya koma baƙi akwai alamar ƙwayoyin da ke zuwa daga bahaya. Ba ya faɗa maka yawansu kuma wani lokaci ƙwayoyin ƙasa ma kan baƙanta shi, don haka na hana yara rubuta "akwai kwalara a ruwan nan", na ce su rubuta abin da suka gani kawai su nemi a kai samfur ɗakin gwaji. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi, kar a bar yara su buɗe, ni na zuba bilic na zubar da kaina.

Wata rijiya kusa da makaranta mita ta ba ta lamba mai kyau, kwalba kuma ta yi baƙi ƙirin. Yara suka auna da taku, tsakaninta da masai ko taku goma sha biyar babu, alhali ana son a bar kamar mita 30. Da wannan kwalbar da wasiƙar da suka rubuta da hannunsu muka je wajen mai unguwa, na ja baya na bar su suka yi magana, ɗaya ya tuna masa kwalarar 2021 da ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan kuma Kano na cikin jihohin da ta fi taɓawa. Baba mai unguwa ya daɗe yana jujjuya kwalbar kafin ya ce zai kira masu gidan da kansila.

Mita taurari uku nake ba ta, kwalaben kuma taurari biyar. In kuɗin PTA na abu ɗaya ne ku sayi kwalaben, ku duba ranar lalacewa a jiki, ku kuma ƙara biyu a kan lissafinku don tafasasshen ruwa, yara su ga wadda ba ta canja launi ba a gefen wadda ta yi baƙi.