Gishirin ruwan hoda na Prague Powder #1: yana aiki, amma sai da sikeli

Masu tambayata yadda nake yin naman nan mai ja-ja da ake yankawa siriri a sa a burodi, to sirrin dai wannan gishirin ne. Turawa da tsokar gadon bayan alade suke yi, su jiƙa ta da shi su kyafe, a Amurka su ce Canadian bacon, wai madadin ham (cinyar alade da aka sarrafa da gishiri) tunda cinya guda ta yi wa mai yi a gida girma. Mu da ba ma cin alade ba mu rasa komai ba, tsokar sa mara jijiya ko ƙirjin talotalo duk suna karɓarsa, ni na talotalon ma ya fi min daɗi.

Abin da ke cikin ledar ba wani abu ba ne, kashi 93.75 gishiri ne, kashi 6.25 kuma sodiyam naitirait, shi ne ke hana ƙwayar cutar botulizim (mai sa guba a abinci) tsirowa kuma shi ke riƙe jan naman ko bayan ya dahu. Kalar ruwan hodar rini ne aka sa da gangan don kar wani ya ɗauka gishirin miya ne. Kuma don Allah ba shi ne gishirin Himalaya na girki ba, kala ce kawai ta zo ɗaya, wancan ko mudu ka zuba ba zai yi wannan aikin ba. Akwai Prague Powder #2, shi na naman da ake shanyawa wata da watanni ne, kar a sayar maka da shi.

Giram 2.5 ake sa wa kilo ɗaya na nama, ba ƙari, sai gishirin gida kamar giram 20 da sukari giram 10, ni ina ƙara masoro da tafarnuwa da ɗan kanumfari, ka murje naman ko'ina ka ɗaure a leda ka jefa firij kana juyawa kullum kamar sati ɗaya zuwa kwana 10 gwargwadon kaurinsa. Za ka ga ruwa ya taru a ledar, kar ka zubar, shi ke komawa cikin naman. Ranar fitarwa tsokar ta yi tauri in ka danna da yatsa, ka wanke ka barta ta sha iska a firij ta kwana, bayan ya ɗan yi danƙo sannan hayaƙi ke kama shi da kyau. Wuta ƙasa-ƙasa, gawayi da 'yan guntayen icen gwaba, har cikin naman sa ya kai digiri 63 na Celsius, talotalo kuwa sai 74.

Inda na ji haushi shi ne rubutun jikin ledar da na saya, wai ƙaramin cokali ɗaya ga nama mai nauyin fam 5 (kilo 2 da ɗan ɗoriya), yo cokalin gidan wa? Abu mai illa in ya yi yawa ai ba a barinsa da ƙiyasi, dole ka nemi sikelin da ke auna giram, wanda kuɗinsa ma ya fi na gishirin. Sannan maganar wuta, firij ɗin ya zauna ƙasa da digiri 4 ba yankewa, wanda ba shi da sola ko janareto ya haƙura kawai ya ci kilishinsa lafiya.

Ɗanɗano kam ba magana, taushi da ƙamshin banda, yara har rububi suke. Amma ba na kullum ba ne, tun 2015 hukumar lafiya ta duniya ta sa sarrafaffen nama cikin masu jawo kansar hanji. Ƙaramar leda za ta daɗe maka sosai, ka dai ajiye ta can sama nesa da yara da kuma robar gishirin girki.