Batirin babur yana yawan sauka: abin da za ka auna kafin ka saya, da irin wanda ya dace da kai

Idan ka danna sitata ka ji "ƙas-ƙas" kawai, hon ya dushe, sigina ta ƙi ƙiftawa, kowa zai ce maka batir ne. Sau da yawa kuwa batirin ba shi da laifi: ko dai injin ba ya mayar masa da caji, ko wani abu yana shan wutarsa bayan an zare makulli. Wanda ya sa sabon batir a irin wannan babur, mako biyu zuwa uku zai koma gidan jiya. Saboda haka kayan da ya kamata ka fara saya ita ce ƙaramar mitar auna wuta, wadda kuɗinta bai kai na batir ba.

Juya mitar zuwa DC 20V, jan tsinke a kan + baƙi a kan −. A yi awon farko da safe, kafin a tayar da injin. Batir mai lafiya da ya cika zai nuna 12.6V zuwa 12.8V. Idan ka ga 12.2V, kusan rabi ya tafi. Abin da ya yi ƙasa da 12V ya sauka sosai, sai an yi masa caji kafin a yanke masa hukunci. Idan kuma bayan cikakken caji ya tsaya wajen 10.5V, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, babu gyara.

Bar tsinkayen a wurin, danna sitata. Lambar za ta faɗi, amma kada ta yi ƙasa da 9.6V. Batirin da ke nuna 12.7V a zaune amma ya faɗo 6V da an danna sitata ya gama aiki.

Awo na uku shi ke raba gardama. Tayar da injin, ko da kik ne, ka ba shi wuta daidai gwargwado. Ya kamata ka ga 13.5V zuwa 14.5V. Idan lambar ta maƙale a 12 da ɗoriya, caji ba ya zuwa. Idan ta haura 15V, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar injin kafin ta shiga batir, ta lalace tana dafa batirin, kuma za ka ga alama: ruwa yana saurin ƙafewa, batir ya kumbura, ƙwayayen fitila suna yawan ƙonewa.

In caji ba ya zuwa, kada ka yi gaggawar sayen kwayil, wato naɗin wayar cikin injin da ke samar da wutar caji. Fara da fiyus, sannan wayar bodi, sannan soket ɗin rektifaya, domin a nan zafi da ƙura suke narkar da roba su baƙanta ƙarfe. Bayan haka a cire soket ɗin wayoyin da suka fito daga injin, a juya mita zuwa AC. Kwayil mai kyau wutarsa tana hawa yayin da ake ba da wuta, har ta wuce 30V. In tana hawa, rektifaya za ka saya. A nan sai an kula ƙwarai, domin akwai mai ƙafa huɗu da mai biyar, kuma ko masu ƙafa huɗun ba duka ne tsarin wayarsu ɗaya ba. Tafi da tsohuwar kasuwa, ka faɗi sunan babur ɗinka, Boxer ne ko Jincheng ko Haojue. Wadda ta fi arha yawanci ba ta da nauyi a hannu, haƙarƙarin da ke fitar mata da zafi kuma sirara ne.

Saura ɓarawon wuta. Kashe makulli, kwance wayar −, juya mita zuwa awon amfiya, tsinke ɗaya a kan − na batir ɗaya a kan wayar da ka kwance. Kada ka taɓa sitata a wannan hali, fiyus ɗin mitar zai ƙone. Babur mai kafireto wanda ba a ƙara masa komai ba kusan sifili zai nuna. Abin cajin waya, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu, rediyo da fitilun ado, muddin an ɗaura su kai tsaye a kan batir, su ne ke tsotse shi. Lissafin ba wuya: abin da ke jan 20mA (mA kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ne) yana cin kusan 0.5Ah a kwana ɗaya (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), wato cikin kwana biyar ya sha rabin batir mai 5Ah. A mayar da wayarsu bayan makulli, yadda sai an kunna shi za su sami wuta, an huta.

Idan awo ya tabbatar batirin ne, ga zaɓin da ke kasuwa. Mai ruwa shi ne mafi arha, kuma yana jure caji maras daidaito fiye da sauran, tunda ana iya ƙara masa ruwa. Aibinsa kulawa: a zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40, sai ana duba shi kowane mako biyu. Tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa zuwa layin sama, ban da ruwan leda ko na rijiya, kuma ba a ƙara asid. A tabbatar robar numfashinsa tana zuba ƙasa, in ba haka ba asid zai ci firam.

Rufaffe, wanda ake rubuta wa MF ko AGM, shi muka fi ba ɗan acaba da mai bin hanyar burji shawara. Ba ya zuba, yana jure girgiza, ya fi ƙarfi wajen juya sitata. Amma rektifayar da ke wuce 15V za ta busar da shi cikin ɗan lokaci, kuma ba damar ƙara ruwa. A cikinsu wanda ke zuwa da gorar asid daban ya fi kwanciyar hankali, domin rayuwarsa tana farawa ne ranar da aka zuba. Wanda aka cika tun daga kamfani, sa a auna maka shi a shago; ƙasa da 12.4V ya daɗe a kanta, bar shi. Na jel dangin rufaffe ne, shi ma ba ya son caji mai yawa. Na litiyam ba nauyi kuma yana daɗewa, sai dai tsadarsa da buƙatar caja ta musamman sun sa bai dace da babur ɗin haya mai tsohon wayarin ba.

Lambar jikin batir ita ce jagora. 12N5-3B na nufin 12V da 5Ah, 12N7 kuma 7Ah. A jerin YTX lambar ba ta zama Ah daidai ba: YTX5L-BS 4Ah ne, YTX7A-BS 6Ah. Duba tsawo da faɗi, da gefen da + yake, domin waya ba za ta kai ba idan ya juya. Ɗan ƙarin Ah ba ya cutarwa in ya shiga akwatin, ragi ne ke kashe batir da wuri.

Sabon da aka zuba wa asid a bar shi ya zauna minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan a yi masa caji a hankali da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato 0.5A ga mai 5Ah. Cajar mota mai ƙarfi tana lanƙwasa farantansa. Wajen ɗaurawa a fara da +, a ƙare da −, a ɗaure noti tam, a shafa ɗan giris a kawunan, sannan a sake yin awo na uku kafin a bar wurin makanike.