Hayar karafan zuwa duwatsun Asir: abin da na gani da abin da ban so ba

Duk mazaunin Jidda ko Makka ya san cewa shigowar kaka a ƙarshen Satumba a kalanda kawai take. Ka fita da la'asar, hucin kwalta zai gaya maka gaskiya. Shi ya sa 'yan uwanmu da yawa ke haɗa hutun Ranar Ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, da ƙarshen mako su haura duwatsun kudu, wajen Asir, su sha iska. Bana mu ma mun haura, amma maimakon motar gida da kama shaƙƙa, wato gidan haya na kwana, a kowane gari kamar yadda muka saba, sai muka yi hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda ake kira karafan. Tun da muka dawo ake tare ni a ƙofar masallaci da wajen walima ana tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A saman tudu ta biya, har da riba. A gangara da cikin kwari kuwa, kaya ce kawai ka ɗora wa kanka.

Saboda Hajiya mahaifiyata muka ɗauke ta. Tana da ciwon suga, gwiwa kuma ta fara gardama, duk wanda ya taɓa doguwar tafiya da tsohuwa mai suga ya san yadda ake zarya neman banɗaki mai tsabta a gidajen mai. Da ni, da uwargida, da yara uku, da ita, motar ta ɗauke mu ba matsi sosai. Tana shan dizal, tsawonta ya kai mita bakwai, tsayinta kusan uku. Akwai gado a can baya wanda muka bar wa Hajiya, akwai wani a saman kan direba da ake hawa da ɗan tsani, teburin cin abinci kuma ana kwantar da shi ya koma shimfiɗa. Murhun gas mai kai biyu, ƙaramin firji, rumfa da ake warwarewa daga gefe, da faifan sola a rufi.

Wajen karɓar mota ne na fara jin haushin kamfanin. Yaron da ya miƙa mini makulli ya zuba bayani a tsaye cikin 'yan mintoci, yana magana yana duba waya, alhali motar tana da famfon ruwa, da tankin ruwa mai tsabta, da na ruwan wanke-wanke, da akwatin bayan gida, da janareta, kowanne da maɓallinsa. Sai da na zaunar da shi na ce ya maimaita ina ɗauka a bidiyo, na kuma zagaye motar na ɗauki kowane ƙwarzane. Ku yi haka. Ku kuma tabbata saƙon tafwid ya shigo wayarku kafin ku tashi, domin shi ne shaidar an ba ku izinin tuƙa motar. A takardar yarjejeniya akwai iyakar kilomita ta kowace rana, abin da ya haura sai ka biya, kuma daga Ɗa'ifa zuwa Abha kaɗai ya fi kilomita 500. Akwai kuma sharaɗin cewa kada a bi da ita wasu hanyoyin dutse. Da farko na ɗauka tsaurin ido ne irin na masu haya, daga baya na gode musu.

Don haka wajen haurawa Ɗa'ifa ba mu bi hanyar dutsen Hada ba, duk da yara sun so ganin lanƙwasar hanyar da birai. Ta Sail muka zagaya, inda miƙatin Ƙarnul Manazil yake, hanya ce mai faɗi da hawa a hankali, ita manyan motoci ke bi. Ɗa'ifa tana sama da mita 1,800 daga doron teku, kana isa ka kashe na'urar sanyaya mota ka sauke gilashi. Furen wardin da aka san garin da shi sai watan Maris da Afrilu, amma wannan lokacin na rumman ne. Tun daga kudancin Ɗa'ifa har Baha, a bakin hanya za ka ga kwalaye jere a bayan motocin a-kori-kura. Mun saya har uwargida ta fara yi mini tsiya wai kasuwa zan buɗe.

Hanya mai lamba 15 ita ce ƙashin bayan tafiyar. Tana bin gadon bayan tsaunukan Sarawat, ta ratsa Baha da Baljurashi da Namas da Tanuma ta dire Abha. A hannun hagu ƙasa na gangarawa sannu a hankali zuwa hamada, a hannun dama kuwa wani wuri sai ka ga ƙasa ta yanke ɗif, Tihama, wato filin gaɓar Bahar Maliya, na can ƙasa cikin ƙura. Motar tana hawa da nishi amma ba ta taɓa gazawa ba. Abin da ya fi ba ni aiki iska ce. Jikinta faffaɗa ne, in ta fito daga tsakanin duwatsu biyu iska ta buge ta, sai ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Duk lissafin lokacin da taswirar waya ta ba ku, ku ƙara masa sosai, don ba ta san da abin da kuke tuƙawa ba.

A Namas ne na fahimci amfanin motar. Da yamma iska mai laima ke tasowa daga Bahar Maliya, ta haura dutsen, ta yi sanyi, ta zama hazo. Ba a hankali yake zuwa ba. Kana ganin bishiyoyin ar'ar a gefen hanya, kafin ka sha kwana biyu fitilar motar gabanka ma ta ɓace. Da a ƙaramar mota muke da sai dai a yi ta rarrafe ana salati, ko a tsaya a takure yara na kuka. Mu kuwa na sami fili nesa da kwalta na faka, uwargida ta ɗora shayi da citta, Hajiya ta yi alwala da ruwan ɗumi ta haɗa Magariba da Isha'i a zaune, yara suka hau gadon sama suna shafa gilashi da hannu suna leƙe. Nan muka kwana. Ba janareta, ba fanka, sai ma bargo da muka lalubo da tsakar dare. Ba a ce mana lokacin fita daga ɗaki ya yi ba, ba mu kuma ɗauki jaka ko ɗaya mun hau bene da ita ba. Ga mai tsohuwa da ƙananan yara, wannan kaɗai ya isa dalili.

Kicin ɗin ya yi, in dai ba ku ce sai kun yi girkin gida sak ba. Tukunya biyu manya ba sa zama tare a kan murhun, in an ɗora tuwo to miya sai ta jira. Sannan ga wani abu da ba laifin motar ba: a tudu ruwa na tafasa tun bai yi zafin da ya saba ba. A Abha, mai tsayin kusan mita 2,200, yana tafasa a wajen digiri 93 maimakon 100, don haka abinci na jinkirin nuna. Ranar da aka ɗora shinkafa da wake, Hajiya ta buɗe tukunya ta latsa ƙwaya ɗaya da yatsa ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ka tabbata wake aka sayar maka ba tsakuwa ba?" Ku tafi da tukunyar matsi. Kuma kada a yi sha'awar hura wuta a ƙasa ko saran itace, hukumar kare muhalli na cin tara a kan haka, ba wasa.

Yanzu ga maganar da masu tallar karafan ba sa yi, wato ruwa da ƙazanta. Mu mutane ne masu alwala sau biyar da tsarki da ruwa, wanda ya ƙera motar kuwa bai sa mu cikin lissafi ba. Tankin da aka ce zai yi kwanaki, mu kusan kullum sai mun nemi cikawa, ko a shagon tataccen ruwa da ake kira tahliya ko wajen masu tankar ruwa da ake kira wayit. Banɗakin ba shi da tiyon tsarki, sai buta, kuma faɗinsa bai wuce ka juya da ƙyar ba. Akwatin bayan gida na cika da wuri, a duk hanyar da muka bi kuma ban gamu da wurin da aka ware don zubarwa ba. Kamfanin da na kira sai suka ce in yi dabara. Dabarar ita ce roƙon ma'aikatan gidan mai ko masu istiraha, wato gidan hutawa, su buɗe maka bayara, wato ramin ƙazanta, ka ɗan ba su na shayi. Aikin nan na maigida ne, kada wanda ya yaudari kansa. Na ga alamar inda wasu suka juye nasu a bakin kwari, abin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin ruwan da ke bin kwarin nan shi ke sauka rijiyoyi da gonakin mutanen ƙasa.

Wurin kwana bai ba mu wahala ba, saboda makarantu sun koma tun Agusta, cunkoson bazara ya watse. A gefen gandun Ragadan na Baha mun sami wuri yadda muke so. Birai ne dai masu garin. Ƙaramin ɗana ya bar ƙofa a buɗe, kafin mu ankara wani ƙaton gwaggon biri ya sa hannu ya zare ledar burodi daga kan tebur ya haye rufi yana ci yana kallonmu. Wani dare kuma 'yan sintiri sun tsaya sun duba iƙama, wato katin izinin zama, da tafwid, suka yi mana fatan alheri suka wuce.

Sauda, wadda ta kai kusan mita 3,000, ita ce ƙololuwar tafiyar. Tun da aka sanar da babban aikin raya wurin a Satumbar 2023 ake gine-gine, saboda haka ku tambayi mutanen Abha inda ke buɗe kafin ku tura doguwar mota cikin hanyar da ba wurin juyawa. Daga can akwai hanyar Samma da ke zubawa kai tsaye zuwa tsohon garin Rijal Alma'a, tana cikin waɗanda aka hana mu bi. Na tsaya daga sama na leƙa ta, ban ƙara ƙorafi ba. Ta Sha'ar muka sauka zuwa Muhayil, kuma ko ita ɗin ta gwada ni. Mota mai wannan nauyi ba a sauko da ita da birki, da giya ake riƙe ta, ka sa ta a na biyu ka bar inji ya yi ta kuka. Duk da haka sai da na ji ƙaurin birki na tsaya ya huce. Uwargida ta ce, "Abban yara, in dai irin wannan hanyar ce a gaba, ni a sauke ni in taka." Hanisin Muhayil ne ya wanke mana zuciya, naman da ake gasawa a rami da ganyen marakh har ya saki ƙashi.

Rijal Alma'a ta cancanci wahalar: benaye na dutse masu hawa-hawa da adon farin dutse a bango, da gidan tarihin da mutanen garin suka kafa da kansu a 1985. Zanen bangon ɗaki da matan Asir ke yi, Ƙaɗɗul Asiri, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2017, shi ya fi ɗaukar hankalin Hajiya, ta ce ya tuna mata da jeren ɗakin amare na da. Amma titunan can ba na karafan ba ne. Nesa muka ajiye ta.

Batun koguna kuwa, Saudiyya ba ta da kogi mai gudu rani da damina irin wanda aka sani a gida. Abin da ke akwai kwari ne, wasu busassu sai an yi ruwa, wasu da 'yar ƙorama. Wanda ya fi burge mu shi ne Wadi Lajab a yankin Raisi na Jizan, tsaga ce a cikin dutse, bango dama da hagu ya yi sama, tsirrai na lilo daga jikinsa, ruwa mai sanyi na bin ƙafarka. Karafan ba ta shiga, ba ma ta kusanta. Mun bar ta a gari tare da Hajiya da babbar 'yata, muka yi shatar mota mai jan ƙafa huɗu. Direban ɗan wurin ne, idonsa na kan sararin sama fiye da hanya, kafin la'asar ya ce mu fita don hadari ya haɗu a kan tudu. Inda muke ko ɗigo bai sauka ba, amma haka ambaliyar kwari take, a can sama ake ruwan, kai sai dai ka ga ya iso. Mutumin Jidda da ya ga ambaliyar Nuwamban 2009, wadda ta ci rai fiye da 100, ba ya buƙatar dogon wa'azi. Kada ku kwana a cikin kwari komai kyan yashinsa da inuwarsa, kuma ƙetare shi yana gudu laifi ne mai tarar dubban riyal.

Daren da muka yi a Tihama shi ne mafi muni. Zafi da gumi suka dawo, na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki sai da janareta, janaretan kuma a ƙarƙashin gadon Hajiya yake ruri har asuba. Da safe ba wanda ya yi musu da aka ce a kama hanyar gaɓar teku ta Ƙunfuza da Lis a koma Jidda.

Kuɗi fa? Ba arha ba ce. Hayar yini ɗaya ta fi abin da za mu biya na shaƙƙa mai ɗaki biyu a Baha ko Abha a wannan lokaci da farashi ya faɗi, ga dizal da ake sayarwa riyal 1.66 a lita a 2025, motar kuma ba ta sha da wasa. Samari huɗu masu ƙarfi a jika, ku ɗauki ƙaramar mota da tanti, za ku shiga inda mu ba mu shiga ba. Mai iyali da tsoho ko maras lafiya, wanda zai tsaya a kan tudu tsakanin Ɗa'ifa da Abha ya yi shatar ƙaramar mota duk ranar da zai sauka kwari, shi nake ba shawara ya gwada. Sai dai ya sa a rubuta masa ranar da za a mayar da kuɗin ajiya. Nawa sai da na yi ta sintiri a waya, aka kuma zaftare wani abu da sunan wanke mota, alhali ba a faɗi haka ba ranar karɓa.